Me ya hana Franz Josef Strauss zama shugaban gwamnatin Jamus?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatu a kan siyasar Jamus ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai mutum ɗaya da sunansa yake fitowa kusan a kowane babi, tun daga zamanin Konrad Adenauer har zuwa na Helmut Kohl, wato Franz Josef Strauss. Ya shiga majalisar dokoki ta Bundestag tun zamanta na farko a 1949, ya riƙe ma'aikatar makamashin nukiliya da ta tsaro da ta kuɗi, ya shugabanci jam'iyyar CSU daga 1961 har zuwa rasuwarsa a 1988, sannan ya mulki jihar Bavaria a shekaru goman ƙarshe na rayuwarsa. Ko abokan hamayyarsa ba su taɓa musun kaifin basirarsa ba. Duk da haka sau ɗaya tak ya tsaya takarar shugabancin gwamnati, a 1980, kuma ya sha kaye a hannun shugaban gwamnati mai ci a lokacin, Helmut Schmidt na jam'iyyar SPD.

Abin da nake karantawa ya fi ɗora laifin a kan rikicinsa da mujallar Der Spiegel a 1962, amma wannan bayani bai gamsar da ni ba, tun da bayan shekara huɗu kacal ya sake zama minista. Ina roƙon malamai su warware mini wannan, su kuma fayyace mini dangantakar CSU da CDU, domin har yanzu ban gane ko jam'iyya ɗaya ce mai suna biyu ko kuwa jam'iyyu biyu ne ba.

Malamin Siyasa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da tambayarki ta biyu, saboda amsar ta farko a cikinta take. CDU da CSU jam'iyyu biyu ne, kowacce da shugabanta da asusunta da babban taronta, sai dai sun yi yarjejeniya cewa CSU za ta tsaya zaɓe a Bavaria kaɗai, CDU kuma a sauran jihohi, kuma idan an je Bundestag wakilansu suna zama a rukuni ɗaya. Wannan tsari ya ba shugaban CSU ƙarfin da babu wani shugaban reshen jiha na CDU da yake da irinsa, domin shi da kansa yake zama a teburin kafa gwamnati a matsayin shugaban jam'iyya mai cin gashin kanta. Amma tsarin ya kuma yi masa shinge: mafi yawan wakilan rukunin 'yan CDU ne, kuma bai isa ya zama ɗan takara ba sai babbar yayar ta ga dama ta janye masa.

Sai kuma lissafin kujeru. Daga zaɓen 1961 har zuwa shigowar jam'iyyar masu rajin kare muhalli a 1983, rukuni uku ne kawai a majalisar: CDU da CSU a gefe ɗaya, SPD a ɗaya gefen, sai ƙaramar jam'iyyar FDP a tsakiya. Sau ɗaya ne a tarihin ƙasar wani ɓangare ya sami fiye da rabin ƙuri'u shi kaɗai, a 1957, lokacin da Adenauer ya sami kashi 50.2 cikin ɗari. In ban da wannan, FDP ce mai raba gardama, kuma duk wanda ta juya wa baya sai dai ya haƙura da kujerun adawa ko ya nemi haɗin gwiwa da babbar abokiyar hamayya. A nan ne rikicin Spiegel ya yi wa Strauss illar da ba ta warke ba.

A watan Oktoban 1962 mujallar ta buga dogon rahoto da Conrad Ahlers ya rubuta a kan wani atisayen ƙungiyar NATO, inda ta nuna cewa rundunar sojin Jamus ta Yamma ba ta da shirin kare ƙasar yadda ya kamata. Strauss ne ministan tsaro tun 1956, kuma da ma shi da mawallafin mujallar, Rudolf Augstein, sun daɗe ba sa ga maciji. Ranar 26 ga Oktoba, a daidai lokacin da hankalin duniya yake kan rikicin makamai masu linzami na Kuba, 'yan sanda suka kai samame ofishin mujallar a Hamburg bisa zargin cin amanar ƙasa. Augstein ya yi kwana 103 a tsare. Shi kuwa Ahlers yana hutu a Sifen, ƙasar da Janar Franco yake mulka a lokacin, sai Strauss ya buga waya cikin dare ga jami'in soja na ofishin jakadancin Jamus a Madrid, aka sa 'yan sandan Sifen suka kama shi. Da farko Strauss ya ce ba shi da hannu ko kaɗan a cikin lamarin, amma da tambayoyi suka yi yawa a majalisa sai ya amsa cewa ya buga wayar. Ministan cikin gida, Hermann Höcherl, wanda shi ma ɗan CSU ne, ya ce abin da aka yi ya ɗan kauce wa doka.

Abin da ya fi ƙona wa FDP rai shi ne ministan shari'a, Wolfgang Stammberger, ɗanta ne, kuma an ɓoye masa shirin samamen duk da cewa ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya a ƙarƙashin ma'aikatarsa yake. Ranar 19 ga Nuwamba ministocin FDP biyar suka ajiye aiki, suka ce ba za su koma gwamnatin da Strauss yake ciki ba, dole Adenauer ya rabu da shi. A 1965 kotu ta ƙi buɗe shari'ar Augstein da Ahlers saboda rashin hujja.

Kin ce ya koma minista bayan shekara huɗu, kuma gaskiya ne, amma ki duba wace gwamnati ce. Gwamnatin Kurt Georg Kiesinger ta 1966 zuwa 1969 haɗin gwiwa ce tsakanin CDU da CSU da SPD, FDP kuwa tana ɓangaren adawa. Tun daga 1962 Strauss bai sake zama a majalisar ministoci ɗaya da 'yan FDP ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya kuwa yi aiki mai kyau a ma'aikatar kuɗi tare da ministan tattalin arziki Karl Schiller na SPD, har suka fitar da ƙasar daga koma-bayan tattalin arziki na farko da ta fuskanta bayan yaƙi. Wani abin ban dariya shi ne Ahlers ɗin da ya sa aka kama shi ne mataimakin kakakin wannan gwamnati. To a ganina, mutumin da FDP ba za ta zaɓa ba, hanya ɗaya ce ta rage masa, ita ce ya ci fiye da rabin kujerun majalisa shi kaɗai, kuma wannan ko Adenauer sau ɗaya ya iya.

Tsohon Ɗan Jarida ya rubuta:

Bayanin Malam ya yi ma'ana, sai dai ina ganin ya sauƙaƙa wa Strauss da yawa, kamar dai lissafi ne ya zalunce shi. FDP ba ta ƙi shi haka kawai ba, kuma miliyoyin masu zaɓe a arewacin ƙasar da suka ƙi shi ba 'yan FDP ba ne. Halin mutumin yana cikin maganar.

An haife shi a Munich a 1915, mahaifinsa mahauci ne, ya kuma yi fice a makaranta har ya karanci Latin da Girkanci da tarihi a jami'a. Ya yi aikin soja a lokacin yaƙi, kuma bayan an gama, Amurkawan da suka mamaye yankin suka naɗa shi mataimakin shugaban gundumar Schongau. Haɗuwar nan ta ɗan talaka da mai ilimin jami'a a jiki ɗaya ita ce sirrin bakinsa: zai kawo jimlar Latin a majalisa, gobe kuma ya tsaya a rumfar taro a Passau ya yi sa'o'i yana ragargazar abokan hamayya da karin harshen Bavaria, jama'a suna ta sowa. A kudu wannan jarumta ce. A Hamburg da Bremen da Hanover, inda mabiya ɗariƙar Furotesta suka fi yawa kuma ake son ɗan siyasa mai kamun kai, tsoro yake ba mutane. Shaida a kan haka ita ce zaɓen majalisar jihar Bavaria da aka yi a ƙarshen Nuwamban 1962, ana tsakiyar rikicin Spiegel: CSU ta ƙara ƙuri'u, ta kuma sami fiye da rabin kujeru. Abin da ya kore shi daga Bonn, mazaunin gwamnatin Jamus ta Yamma, shi ne ya ƙara masa farin jini a gida, kuma ina ganin wannan ya koya masa darasin da bai dace ba.

Kafin Spiegel ma akwai abubuwan da suka sa ake ɗari-ɗari da shi. Shi ne babban mai son a ba rundunar Jamus makaman da za su iya ɗaukar nukiliya, shekara goma sha biyu kacal bayan faɗuwar Hitler, abin da ya sa a 1957 manyan masana kimiyya 18, cikinsu har da Otto Hahn da Werner Heisenberg, suka fitar da sanarwar Göttingen suna adawa da shirin. A zamaninsa ne aka ƙulla cinikin jiragen yaƙi samfurin Starfighter daga kamfanin Lockheed na Amurka. Ƙasar ta mallaki fiye da 900, kusan kashi ɗaya cikin uku suka faɗi, matuƙa fiye da ɗari suka mutu, har aka yi wa jirgin laƙabi da mai jefa mata cikin takaba. Daga baya ya zama jagoran masu adawa da manufar shugaban gwamnati Willy Brandt na SPD ta sasantawa da ƙasashen gabas, kuma da matsin lambarsa ne gwamnatin Bavaria ta kai yarjejeniyar da aka ƙulla da Jamus ta Gabas gaban kotun tsarin mulki a 1973. Kotun ba ta soke yarjejeniyar ba, amma ta jaddada cewa wajibi ne kowace gwamnati ta ci gaba da neman haɗewar ƙasar, kuma magoya bayansa har yau suna lissafa wannan cikin manyan nasarorinsa. Ina ganin suna da hujja.

Amma jawabin da ya yi wa wakilan CSU a Sonthofen a 1974, wanda aka fallasa daga baya, ya nuna shi yana ba da shawarar kada 'yan adawa su kawo wa gwamnati wata mafita, a bar matsalolin ƙasa su tsananta har jama'a su dawo gare su. A 1977 ya ziyarci Pinochet a Chile ya yi masa kalamai masu daɗi, ga kusancinsa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu da kuma abotarsa da Eyadéma na Togo. Saboda haka a 1980 abokan hamayya ba su sha wahalar neman taken yaƙin zaɓe ba. Kalmomi biyu suka manna a ko'ina, ma'anarsu a dakatar da Strauss. Kwana tara kafin zaɓen bom ya tashi a bikin Oktoberfest na Munich, mutum 13 suka mutu, Strauss ya yi hanzarin ɗora alhakin a kan sakacin ministan cikin gida Gerhart Baum na FDP, sai ga shi wanda ya dasa bom ɗin yana da alaƙa da wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayin dama da shi Strauss ɗin ya taɓa raina haɗarinta. Ranar 5 ga Oktoba CDU da CSU suka sami kashi 44.5, mafi ƙaranci tun 1949, FDP kuma ta tashi daga kashi 7.9 zuwa 10.6. Ga Schmidt kuma, mutum ne da masu ra'ayin mazan jiya da yawa suke ganin ya iya riƙon ƙasa, ba su ga dalilin musanya shi da mai zafin kai ba.

Mai Bin Diddigi ya rubuta:

Malamai biyu sun ambaci FDP da halin Strauss, amma akwai mutum na uku da ba a ba shi haƙƙinsa ba, shi ne Helmut Kohl, wanda Strauss ya raina tun farko kuma rainin ya ci shi.

A zaɓen 1976 Kohl ya sami kashi 48.6, ya rage kujeru shida kawai ya sami rinjaye shi kaɗai, amma SPD da FDP suka ci gaba da mulki. Strauss ya fahimci lissafin da Malamin Siyasa ya bayyana sarai, kuma maganin da ya gani shi ne a kafa jam'iyya ta huɗu, wato CSU ta bazu a duk faɗin ƙasar ta kwashi ƙuri'un 'yan ra'ayin riƙau, CDU ta riƙe na tsakiya, su haɗu su wuce rabi ba tare da FDP ba. Ranar 19 ga Nuwamban 1976, a wani taro a Wildbad Kreuth, wakilan CSU suka kaɗa ƙuri'a 30 da 18 cewa sun raba gari da CDU a majalisa. A kwanakin ne kuma aka naɗi muryarsa yana gaya wa matasan jam'iyyarsa cewa Kohl ba zai taɓa zama shugaban gwamnati ba domin sam bai cancanta ba. Kohl bai yi cacar baki da shi ba. Ya dai sanar cewa idan CSU ta fito daga Bavaria, to CDU za ta shiga Bavaria ta kafa reshe. Nan take 'yan majalisar jiha da shugabannin gundumomi na CSU, waɗanda kujerunsu suka dogara da rashin kishiya a gida, suka tayar da ƙayar baya, kuma ranar 12 ga Disamba Strauss ya yi amai ya lashe.

Takarar 1980 ma idan aka duba da kyau Kohl ne ya ci ribarta. Ya ga cewa kayar da Schmidt a wannan shekara abu ne mai wuya, sai ya janye, ya gabatar da Ernst Albrecht, firimiyan jihar Lower Saxony. A Yulin 1979 rukunin wakilan jam'iyyun biyu ya zaɓi Strauss da ƙuri'a 135, Albrecht ya sami 102. Kohl ya karɓi sakamakon, ya yi wa Strauss yaƙin zaɓe ba tare da ƙorafi ba, ya kuma riƙe shugabancin CDU da na rukunin majalisa. Da aka faɗi, babu mai iya cewa shi ya jawo, kuma maganar takarar Strauss ta mutu ke nan. A duk tsawon waɗannan shekaru Kohl yana lallaɓa dangantakarsa da shugaban FDP, Hans-Dietrich Genscher, yana jiran ranar da ƙawancenta da SPD zai ruguje. Ranar ta zo a Satumban 1982, kuma ranar 1 ga Oktoba majalisa ta kaɗa wa Schmidt ƙuri'ar yankan ƙauna ta zaɓi Kohl.

Strauss ya so a yi sabon zaɓe nan take, domin FDP tana cikin ruɗani, har ta sami kashi 3.1 kawai a zaɓen jihar Hesse, kuma a Jamus jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 ba ba ta shiga majalisa. Da an bi tasa, da wataƙila FDP ta fita, shi kuma ya karɓi ma'aikatar harkokin waje da muƙamin mataimakin shugaban gwamnati. Kohl ya jinkirta zaɓen zuwa 6 ga Maris na 1983, FDP ta farfaɗo ta sami kashi 7, Genscher ya ci gaba da zama a kujerarsa ta ministan harkokin waje. Kohl ya fi son ƙaramar jam'iyya da yake iya sasantawa da ita a kan rinjayen da zai sa Strauss ya zauna a gefensa kullum.

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, malamai, yanzu na ga yadda abubuwan uku suka sarƙe da juna. Saura abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Ta yaya mutumin da ya yi shekara talatin yana yaƙar kwaminisanci, har ya kai yarjejeniyar Brandt kotu, shi ne kuma ya samo wa Jamus ta Gabas bashin Mark (kuɗin Jamus ta Yamma) biliyan ɗaya a 1983? Sauya ra'ayi ya yi, ko kuwa akwai wata manufa?

Malamin Siyasa ya rubuta:

Malama, ba na jin ra'ayinsa a kan kwaminisanci ya sauya, kuma ba wannan ne karo na farko da ya zauna da 'yan kwaminis ba, domin a Janairun 1975 ya je Sin, Mao Zedong ya karɓe shi, shi ne ɗan siyasar Jamus ta Yamma na farko da ya sami wannan. A wurinsa manufa daban, ciniki daban. A 1983 Jamus ta Gabas tana fama da ƙarancin kuɗaɗen waje, bankunan yamma kuma suna gudun ba ta rance. Strauss ya tattauna a asirce da Alexander Schalck-Golodkowski, jami'in da yake samo wa gwamnatin gabas kuɗaɗen waje, aka shirya cewa rukunin bankuna ƙarƙashin jagorancin bankin jihar Bavaria zai ba da kuɗin, gwamnatin tarayya kuma ta tsaya lamuni. A Yulin shekarar ya gana da shugaban Jamus ta Gabas, Erich Honecker. Bayan haka gwamnatin gabas ta cire bindigogin nan masu harbi da kansu da ta dasa a shingen kan iyaka, ta kuma sassauta wasu ƙa'idojin tafiye-tafiye. Har yau ana muhawara ko bashin ya tsawaita ran wannan gwamnati ne ko kuwa ya ƙara ɗaure ta da kuɗin yamma.

Dangane da manufarsa, na yarda da Mai Bin Diddigi. Watanni kaɗan kafin nan aka hana shi ma'aikatar harkokin waje, kuma ina ganin ya so ya nuna cewa daga Munich ma yana iya yin abin da Genscher bai yi ba. Haka ya ci gaba da yi har Disamban 1987, lokacin da ya tuƙa ƙaramin jirgi da kansa zuwa Mosko cikin dusar ƙanƙara ya gana da Mikhail Gorbachev. Kohl bai hana shi ba, tun da gwamnatinsa ce ta sa hannu a lamunin, kuma idan abin ya jawo fushi ba a kansa zai sauka ba.

Fushin kuwa ya zo. A babban taron CSU na wannan bazara Strauss ya sami kusan kashi 77 na ƙuri'un wakilai, wanda ga shugaban da ya saba da fiye da 90 tamkar mari ne. 'Yan majalisar tarayya biyu na CSU, Franz Handlos da Ekkehard Voigt, suka fice, suka haɗu da ɗan jarida Franz Schönhuber suka kafa jam'iyyar Republikaner a Nuwamban 1983, wadda ta sami kashi 3 a zaɓen Bavaria na 1986. A wannan lokaci ne Strauss ya yi furucin da ake yawan maimaitawa, cewa bai kamata a sami wata halattacciyar jam'iyyar da ta fi CSU ra'ayin riƙau ba, alhali cinikinsa ne ya haifar da ita.

Ya yanke jiki ya faɗi a wurin farauta kusa da Regensburg ranar 1 ga Oktoban 1988, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara 73, yana kan kujerar firimiyan Bavaria. Edmund Stoiber, wanda ya jagoranci yaƙin zaɓensa na 1980, shi ne ɗan CSU na biyu da ya gwada, a 2002, ya yi kunnen doki da shugaban gwamnati Gerhard Schröder na SPD a kashi 38.5, amma abokan ƙawancen Schröder suka fi FDP kujeru. Genscher kuwa ya riƙe ma'aikatar harkokin waje har 1992.